Tumatirin da Na Kai Neman Aure

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na kai tumatir neman aure ba. Ko ni na so in manta, mutanen Kura ba za su bar ni ba.

A shekarar ce tumatir ya wulaƙanta mu. Kowa ya shuka, kowa ya samu, sai aka rasa mai saye. Ka kai kwando bakin titi, dillali ya taɓa shi da ƙafa kamar mushe, ya faɗi farashin da zai sa ka ji kamar ka shaƙe shi. Ni da na ƙare sanyin shekarar tsaye cikin kanal, ina rigima da maƙwabta a kan layin ban ruwa, ga sakamakon wahalata yana ruɓewa a gindin bishiya, awaki ma sun ƙoshi sun daina kallonsa.

Ana cikin haka aka ba yara hutu, gidana ya koma masana'anta. Zuwaira, babbar 'yata, ta jawo keken ɗinkin uwarta tsakar gida tana yayyanka atamfa, wai koyo take. Ƙannenta suna saƙa hulunan sanyi da zaren ulu a tsakiyar zafin da ke narkar da kwalta, hulunan da babu kan ɗan Adam da zai shige su. Mai ɗakina Hauwa kuwa ta dawo daga wani taron mata a Bunkure da sabon ilimi. Wai tumatir ba dole sai an yanka an shanya ya zama kauɗa ba. Ana markaɗa shi, a dafa ya yi kauri, a ɗura a kwalba a rufe, sannan a sake dafa kwalbar kanta cikin ruwa, sai ya kai damina lafiya lau.

Ina zaune a inuwa ina kallon itacena da ɓuntun shinkafata suna tafiya cikin murhu.

Na ce, "Hauwa, abin da aka dafa kuma a sake dafa shi? Kwalbar za mu ci?"

Ta ce, "Malam, haka aka koya mana."

"Wa ya koya muku?"

"Wata malama ce daga birni."

"Ta taɓa noma tumatir?"

Ta ci gaba da juya tukunyarta. Ni kuma na ɗauki hakan a matsayin na yi nasara. (Na yi aji uku a sakandare kafin mahaifinmu ya ce gona ta fi buƙatata. A gidana wannan aji ukun shi ne jami'a, kuma ba na bari kowa ya manta.)

Sai na zauna na yi lissafi irin na masu ilimi. Me ya sa ake dafawa? Don a kashe ƙwayoyin cuta. Me ke kashe su? Zafi. To akwai zafin da ya kai ranar bazara a ƙasar Kano? Tun kakanninmu, duk abin da ake so ya daɗe rana ake ba wa. Kuɓewa rana, barkono rana, shinkafa rana, kilishi rana. Kuma rana ba ta cin itace.

Na sa aka ɗebar mini markaɗe ɗanye, na tattaro gorunan lemo na roba, na ɗura, na murɗe murafan har sai da tafin hannuna ya yi ja. Na hau tsani na jera su a kan kwanon ɗakina.

Zuwaira ta ɗago daga kan keke ta ce, "Baba, malamar fa ta ce in ba a dafa ba..."

Na ce, "Ke, koma ki ci gaba da ɓata atamfar uwarki."

Bayan 'yan kwanaki na sauko da su. Na latsa ɗaya, tauri kamar dutse. Na kira Hauwa ta zo ta ga aikin maza. Ta jujjuya gorar ta ce, "Malam, gindinta fa ya kumbura, ko tsayuwa ba ta iya yi." Na ce mata ƙarfi ne ya yi mata yawa, haka na kamfani yake.

To a makon ne Yaya Garba, wana, ya kira ni. Ɗansa Nura ya daɗe yana neman wata yarinya a Kura, lokaci ya yi da manya za su shiga maganar. Kun san uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure da kansa, ƙannensa yake turawa, don haka ni ne wakili, ƙaninmu Ado ya raka ni. Nura ya rame a kan yarinyar nan, kuma ana ta raɗe-raɗin danginta masu injin shinkafa ne, suna ganin mu manoma ne kawai masu ƙasa a farce. In suka ce a'a, yaron nan zai iya barin garin.

Yaya ya riƙe hannuna ya ce, "Ka gaishe su, ka faɗi abin da ya kai ka, ka yi shiru. Don girman Allah, ka yi shiru."

Na ce, "Haba Yaya, yaro ne ni?"

Da na tambayi wanda zai karɓe mu, aka ce baffan yarinyar, Alhaji Sule. Ai kuwa na san shi. Benci ɗaya muka zauna a firamare, a littafina yake kwafar lissafi, majina har leɓe. Shi ubansa ya bar shi ya ƙarasa karatu, ya yi aiki a ofishin gona har ya yi ritaya, ya je Makka ya dawo da haƙorin zinare. Ni kuma ina nan cikin taɓo. Sai na ce a raina yau Sule zai san gidanmu ma an waye.

Na zuba goruna a buhu, na haɗa da goro da alewar da aka ba mu. Hauwa ta biyo ni har zaure da kwalabenta a hannu, tana cewa, "In dai sai ka kai, ɗauki nawa." Ko waiwaye ban yi ba. Na ɗaure buhun a bayan babur, Ado ya ja mu da tsakar rana ta hanyar bakin kanal, hanyar da ramukanta suka fi lafiyayyen wurinta yawa. Duk ramin da muka faɗa ina jin gorunan suna tsalle a bayana.

An shimfiɗa mana kafet a falon baƙi. Ga Alhaji Sule cikin farar shadda tana ƙyalli, ga limamin unguwa da rawaninsa, ga wasu dattawa biyu. Muka gaisa, aka tambayi gida da gona da zafi. Na gabatar da goro, na faɗi abin da ya kawo mu, kuma wallahi na faɗe shi da kyau, har Ado yana gyaɗa kai. Da a nan na tsaya, da yau ba ku da labarin karantawa.

Alhaji Sule ya gyara zama ya ce, "To madalla. Shi yaron me yake yi?"

Na ce, "Noma."

Ya ce, "Noma dai. Tumatir ko? Na ji bana har awaki sun yi ƙiba a wajenku." Ya yi murmushi, haƙorin nan ya haska.

Ado ya mintsine ni a cinya. Na ture hannunsa na jawo buhu.

Na ce, "Ai mu mun wuce kai kwando bakin titi, Sule. Sarrafawa muke yi yanzu." Na zaro gora ɗaya na ɗaga ta sama.

Liman ya leƙo ya ce, "Zoɓo ne?"

"Tumatir ne, Allah gafarta Malam. Babu wuta, babu itace. Rana ce ta dafa shi, kuma dabarata ce."

Murmushin Alhaji Sule ya ɗauke. Ya ce, "Rana? A rufe? Tsaya, kada ka bu..."

Na murɗe.

Ƙarar da ta yi, sai ka ce tayar babbar mota ce ta fashe. Murfin ya daki silin ya dawo. Abin da ke ciki ya fito da ƙarfin injin ban ruwa, ya wanke Alhaji Sule daga hula har ciki, ya bi ta kan rawanin Liman, ya yi zane a bango. Ado ya zabura zai gudu ya taka buhun, wata gorar ta sake tashi a ciki. Sannan wari ya biyo baya, irin warin bayan kasuwa in an yi ruwan farko.

Wata mata ta ɗaga labule ta ga Alhaji jajir yana lalube da hannu, sai ta ƙwalla ihu: "Wayyo Allah, sun harbe Baffa!"

Cikin gida ya kaure da kuka. Kafin ka ce wani abu matasan unguwa sun cika ƙofa da sanduna. Ni kuwa ina tsaye riƙe da gora tana ta kumfa a hannuna, ina ihu, "Tumatir ne! Wallahi tallahi tumatir ne!"

Wani saurayi ya dangwali rigar Alhaji ya sunsuna, ya yamutsa fuska ya ce, "Kai, ai gara jinin."

Liman yana warware rawaninsa a hankali, bai kalle ni ba, ya ce, "Ban san hukuncin sallah da wannan abu a jiki ba. Sai na duba littafi."

Alhaji Sule ya shiga ciki. Muka zauna cikin wari, ƙudaje sun fara zuwa gaisuwa. A lokacin ne na tuna Nura, wanda muka baro zaune a bakin hanya yana jujjuya waya a hannu yana jiran mu. Kunyar kaina ta tafi, ta yaron ta zo. Da Alhaji ya fito cikin wata rigar, ni da na rantse ba zan taɓa rusuna wa Sule ba, sai ga ni gwiwa biyu a kan jiƙaƙƙen kafet.

Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, haukan nawa ne ni kaɗai. Yaron nan ko gorar bai taɓa gani ba. Kada a hana shi saboda ni."

Ya dube ni, ya dubi bango, sai dariya ta ƙwace masa har yana riƙe ciki. Da ya samu numfashi ya ce, "Tashi, don Allah. Mu tun jiya muka gama shawara, mun ba shi. Tsokanarka kawai nake yi, na ga ko ka canza tun firamare. Amma da sharaɗi ɗaya. Ranar ɗaurin aure a turo mana wani wakilin. Shadda ta yi tsada."

Haka kuwa aka yi. Ado, wanda na goya yana jariri, shi ya zauna gaban Liman ya karɓi auren. Ni aka ajiye ni can sahun baya kusa da takalma, kuma duk wanda ya zo gaishe ni sai ya fara leƙa hannuna.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kowane magidanci yana da wautarsa, kuma in ta tsaya a tsakar gida, matarka za ta share ta rufa maka asiri. Kai dai kada ka ɗaure ta a bayan babur ka kai ta garin mutane.