Ranar da na shimfiɗa tabarma a lambun Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da zuwan Inna, mahaifiyata, birnin Yamai ba, shekarar da aka yi mata aikin ido. Idon ya buɗe tangaram, abin da ya fara gani kuwa shi ne unguwarmu: can bayan gari, rairayi da rufin kwano, babu bishiyar da akuya za ta fake. Inna mutuniyar Keita ce, da ƙuruciyarta ta ɗauki duwatsu a ka wajen aikin raya ƙasa, har yau tana nuna itatuwan kan tudu kamar ita ta haife su. Ta dubi ƴata Ramatu tana wasa a inuwar katanga, ta ce, "Ɗiyar ga ba ta san icce ba. Da ita zan koma gida."

Gabana ya faɗi, don Ramatu ce kaɗai gare mu. Nan take na ce ai birni akwai jardan, lambun shaƙatawa na kowa da kowa, kullum can muke shan iska. (Sau ɗaya na taɓa hango shi ta tagar mota. Daga unguwarmu sai ka sauya mota ka ƙara da tafiyar ƙasa, wa ke da wannan sukunin?) Inna ta ce, "To, gobe mu tahi in gani."

Washegari muka ɗauki tabarma da kwanon fura. Muka sauka tsakiyar gari, ina gaba ina taku irin na ɗan gari, a zuci ina roƙon Allah ya nuna mini kore. Sai ga wata babbar ƙofa a buɗe, ciki ciyawa lif, mangwaro, zogale, har da kujerun siminti. A wurinmu inuwa ta wanda ya riga isa ce, ko a gonar wani take, ba a neman izini. Na ce, "Bismilla Inna, mun iso."

Muka baje. Ramatu ta shiga birgima a ciyawa tana ƙyalƙyala dariyar da ban taɓa jin ta yi ba, har ƙwalla ta zo mini. Inna kuwa ta ce asara ce a bar zogale ya tsufa a tsaye, ta tashi ta fara tsinka tana tarawa a bakin zane. Ni ma na cire takalmi na miƙe ƙafa, ina yi mata bayanin yadda hukuma ke kula da talakawa.

Ina cikin haka wata dattijuwa ta ɓullo daga bayan itatuwan, da carbi a hannu. Ta yi mana sallama, ta tambaya a hankali ko wani muke nema. Ni kuma, uban ƴan sani, na matsa mata gefen tabarma na ce, "Zauna Hajiya, kada ki ji nauyi. Wurin nan na kowa ne, mai kuɗi da talaka duk ɗaya. Mu kullum nan muke."

Ta dube ni, ta dubi zogalen da ke zanen Inna. Ta ce, "Ɗana, kullum? Ikon Allah, ni da nake kwana a nan ban taɓa ganinka ba. Gidana ne. Direba ya fita ya bar ƙofa a buɗe."

Sai a lokacin na hango wani bene a bayan mangwaro, har da shanyar kaya. Na nemi takalmina na rasa ƙafa ɗaya, ashe Ramatu ta kai shi gindin zogale. Haka na tsaya ina ba da haƙuri da takalmi guda. Inna ko a jikinta. Ta ce, "Baiwar Allah, yi hanƙuri, yaron ga tun yana ƙarami haka shike, bai cewa bai sani ba." Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta zauna ta sha furarmu, ta ce a bar wa Inna zogalenta.

Ita ce ta kwatanta mana jardan na gaskiya. Muka isa muka tarar da shi a kulle, wai wasu sun kama shi don biki, mai gadi ya ce mu dawo wani jiƙon. Ramatu ta riƙe ƙarfen ƙofar tana leƙen ciyawa. Inna ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Mu da munka dasa namu, ba mu sa mashi ƙohwa ba."

Ban ƙara musu ba. Ramatu ta bi Inna ta yi damina a Keita, gidan ya yi mana faɗi, uwarta ta yi kwanaki ba ta kula ni. Da Ramatu ta dawo, ta zo mini da ɗan dashen zogale a gwangwani, ta ce kakarta ta ce in dasa a ƙofar gida don in samu inda zan riƙa zama kullum.

Na dasa. Yanzu kuma duk inda na ga inuwa mai kyau a birni, kafin in warware tabarma sai na leƙa bayan itatuwa in ga ko akwai shanya.