Yadda Za Ka Zaɓa wa Tsohuwar Laftof Manhaja Ba Tare da Ka Saɓa wa Yayan Matarka Ba

Ka bi matakan nan shida, na yi maka alkawari laftof ɗinka za ta tashi. Amma gara in faɗa maka tun yanzu, a mataki na huɗu za ka tafka wauta. Kada ka tsallake shi, ni ma ban tsallake ba.

Ga yadda na zama gwani. 'Yata ta fari, wadda nake kira Mamana, za ta rubuta jarrabawar shiga makarantar koyon jinya ranar Asabar da ƙarfe tara, daga gida, a kwamfuta. Duk wanda kwamfutarsa ta tsaya, sai baɗi. Tamu kuwa laftof ce da yayan matata ya ba mu bayan ta yi masa bauta shekara goma sha ɗaya. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita ta tsufa har shafin makarantar ya ƙi buɗuwa. Dole a sa mata wata.

1. Ka fara duba lafiyarta

Ɗora ta a teburin falo, ka tokare murfin da gwangwanin madara, domin ba ya tsayuwa da kansa. Danna maɓalli, ka je ka yi wanka. In ka dawo ka ji fankar cikinta tana kuka kamar injin niƙa, ka gode wa Allah. Mai kuka yana da sauran rai.

2. Ka kai ta wurin mai gyara

Zai juya ta, ya hure mata ciki, ya ce, "Baba, wannan ba za ta iya ɗaukar manhaja mai nauyi ba. Akwai mara nauyi, in na sa mata, gudu za ta riƙa yi."

In ya ƙara da cewa ram ɗinta kaɗan ne, kada ka tambayi mene ne ram. Ka gyaɗa kai ka ce, "Ni ma na lura da haka." Uba ba ya nuna jahilci a gaban 'yarsa, ko da 'yar tana gida.

3. Ka buga wa yayan matarka waya

Ladabi ne kawai, tunda kayansa ne a da. Zai ce, "Wace mara nauyi kuma? Ni na san laftof ɗin nan tun tana cikin kwali. A sa mata sabuwa, irin ta ofis, wadda manya ke aiki da ita. Ranar Juma'a zan zo in gani."

Ka ce, "To, Yaya." Mutumin da ya ba ka ƙanwarsa, ya ƙara maka da kwamfuta, ba a yi masa musu a waya.

4. Ka sa duka biyun

Ka koma shago, ka rage murya, ka ce, "Ba za a iya haɗa mata su duka ba?"

Mai gyara zai daɗe yana kallonka. "Ana yi, Baba. Amma wurin ajiyarta ƙarami ne."

Ka ce, "Mu ma a ɗaki biyu muka raini yara biyar."

Daga ranar, duk sanda ka kunna ta, baƙin allo zai fito ya tambaye ka wacce kake so, ya ba ka daƙiƙa goma. Ni da nake kwana uku kafin in zaɓi takalmi. Mara nauyin tana tashi kafin ka gyara zama. Ta Yaya kuwa minti ashirin da biyar take ɗauka, na duba da agogo. Duk da haka ka ji daɗi, ba ka ɓata wa kowa rai ba.

5. Sai yanzu za ka karanta takardar makaranta

Mamana za ta zauna ta sa manhajar jarrabawa, laftof ta ce babu wuri. Za ta juyo ta ce, "Baba, ina takardar da makaranta ta aiko?"

Tana aljihun rigarka, a ninke huɗu, inda ka adana ta mako biyu don kada yara su ɓatar. Uwarta za ta leƙo daga kicin ta ce, "Sau biyu ina wanke rigar nan, ina cire takardar ina mayar maka. Na ɗauka ka haddace ta."

Layi na uku ya faɗi komai: jarrabawar ba ta aiki sai a kan manhaja mai nauyi. Ka koma shago karo na uku a goge mara nauyin. In mai gyara ya ce, "Baba, ka dawo?" ka ce hanya ce ta biyo da kai.

6. Ka bar Yaya ya ci nasara

Wannan ne mafi ɗaci, domin gaskiya ta faɗo hannunsa ba tare da ya karanta komai ba. Ranar Juma'a zai zauna a kujerarka, a kunna laftof a gabansa. Ka sa a kawo shayi. In shayi ya ƙare ba ta tashi ba, a ƙara wani. Zai ce, "A hannuna ba ta taɓa yin haka ba." Ka ce, "Ai ta saba da kai ne, Yaya."

Bayan ya tafi, Mamana za ta kafa doka: gobe ƙarfe shida za a kunna, kowa ya nisanci tebur. "Har da kai, Baba. Kai ne ma na farko." Ka karɓa da hannu biyu.

Jan kunne

Duk abin da ya same ka bayan bin matakan nan, babu ruwana. Ni mai kula da sito ne, ba injiniya ba. Yau Juma'a nake wannan rubutu. Mun yi jarrabawar gwaji ta awa ɗaya, laftof ta jure, sai dai ta yi zafin da za a iya goge hula da ita. Ta gobe awa uku ce. Ko za ta kai ƙarshe, ban sani ba.