Ta Fita Shan Iska, Ta Sha Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu a ƙirji wanda ya fi baƙin ciki zafi, maigidan nan na ƙarshen layi, mai furfura da tumbi, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da masu dariya a ɓoye, rasuwar motarsa, jar nan mai ƙofa biyu da aka fi sani da 'Yar Gayu. Rai ya yi halinsa ne a tsakiyar wani kududdufi, bayan gajeriyar rashin lafiya da ba ta kai tsawon atishawa ba.

Marigayiyar ta manyanta, amma ba ta taɓa yarda ba, kamar dai mai ita. Mai ƙanƙan da kai ce, cikinta kusan a ƙasa yake. Mai shigarta sai ya durƙusa, mai fita sai ya kama ƙofa yana lallashin gwiwoyinsa. Ba ta ɗaukar fiye da mutum biyu, don haka ta raba maigida da jigilar dangi da buhunansu, alherin da ba zai manta ba. Da safe takan yi gyaran murya, kir-kir-kir, sannan ta ce wuuum, a natse, irin ta manya.

Aibinta ɗaya: son kwana a garejin bakanike. Shi ya sa uwargida ta kafa doka a gaban yara, cewa duk ranar da jar nan ta sake kwana a waje, motar da gidan nan har abada. Maigida ya amince, don a lokacin lafiyarta lau.

Ajalin ya shigo gidan da ƙafarsa, da sallama. Ƙanin uwargida ne, wanda ake kira Farfesa, mutumin da duk kanikancinsa a bidiyon waya ya gani. Ya kara kunne a jikin motar, ya girgiza kai.

"Yaya, motar nan ba ta numfashi. Filtar iskarta ce ta shaƙe ta."

Filtar da yake zagi, masu ƙera motar ne suka sa ta cikin baƙin akwati, can sama kusa da inji, tana tace iska shekara da shekaru ba ta taɓa cutar kowa ba. Farfesa ya zaro tasa daga leda: ja, mai siffar mazurari, tsirara, babu akwati.

"Kuma ba a sama za mu sa ba, Yaya, sama zafin inji ne. Ƙasa, bayan bamba, ta riƙa shan iska mai sanyi. Ruri za ka ji. Samarin bakin titi sai sun miƙe tsaye."

Maigida, wanda ba ya iya karanta takardar magani sai da tabarau, kalmar samari kawai ya ji. Aka yanke bututu, aka jona tiyo, aka ɗaure da waya.

A faɗi gaskiya ko a kan gawa: ta yi rurin. Samarin ma sun miƙe, har ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Baba, a hankali!" Iyakar ribar ke nan.

Da yamma, bayan an ɗauke ruwan sama, maigida ya ce wa uwargida zai fita shan iska. A kwanar titi akwai kududdufin da marigayiyar ta sha ketawa ba tare da ko tari ba. Wannan karon ta shiga da sabon hancinta a ƙasa. Ta ce ƙwat, ta ce ƙwat, ta ce ƙas. Kalamanta na ƙarshe ke nan. Samarin nan dai su suka tura ta.

Bakaniken da ya duba gawar ya kwance fulogi, ruwa ya yi tsartuwa har gemunsa. Ya tabbatar inji ya buga, ƙarfen ciki ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Tambaya ɗaya ya yi: "Wa ya sa mata hanci a ƙafa?" Ranar a can ta kwana.

Farfesa ya zo ta'aziyya, ya ci abinci, ya ce, "Yaya, ai filtar ba ta yi komai ba, duba, ko tsagewa ba ta yi ba. Ruwan ne ya yi yawa." Uwargida kuma ta ce, "Baban yara, motarka ce fa. Yaro ya ce ka yanka, sai ka yanka?" Yaron nan da take faɗa, Farfesa, sanƙo ya ci rabin kansa.

Marigayiyar ta bar maigida a ƙasa. Da safayar taya wadda ba ta taɓa taka titi ba. Da tabon baƙin mai a simintin garejin gida. Da tsohon akwatin filtarta, lafiyayye, yana kan kantar garejin yana kallon mutane. Da kuma sabuwar filtar, wadda ba a so a ji sunanta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Janwe, mai jan matattun motoci, zai ɗauke ta daga wurin bakanike kai tsaye zuwa wurin 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Ba za a biyo da ita ta gida ba. Maigida ya roƙa, uwargida ta ce doka doka ce. Duk wanda ya san zai ce "ai dama ta tsufa", ya yi zamansa, an yafe masa.

Zaman makoki a garejin gida ne, gefen 'yar motar uwargida mai ruwan toka, wadda yanzu take sauke maigida a wurin aiki da jakar hannunta a cinyarsa. Farfesa ya riga ya kara kunne a jikinta, ya ce ita ma ba ta numfashi. Ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya katse shi. Damina da sauranta.