Sifirin da Na Yi wa Faɗa a Ofishin Ilimi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai 'yata Nusaiba ofishin ilimi ba, ina tafe ina huci kamar wadda za ta kotu.

Shekararmu biyu ke nan a unguwar Hayyus Sabi, can ƙasar Larabawa, Abban Nusaiba yana karatunsa na Shari'a, ni kuma na ɗora wa kaina shugabancin makarantar da ɗalibarta ɗaya ce. Tun zuwanmu na rantse 'yata ba za ta shiga makarantar gwamnati ba. Na taɓa leƙa wata, na ga yara a cushe, malama tana ihu muryarta ta dishe. Na ce khalas, magana ta ƙare, a gida zan koyar da abata. Na sa aka aiko min da littattafai daga Kano, na kafa allo a falo.

Ban tsaya nan ba, har wa'azi nake yi. Maƙwabciyata Maman Hiba, Bahaushiyar Sudan ce, 'yarta tana makarantar gwamnati, kuma ta sha surutuna. "Ke dai kina da ƙoƙari," in ce mata, "kullum ki tura yarinya ta je ta sha hayaniya ta dawo." (Baiwar Allah sai dai ta ƙara min shayi.)

Rannan Abban Nusaiba ya dawo da labarin da ya tayar min da hankali. Ashe dokar ƙasar ba ta san wani abu wai shi karatun gida ba. In sunan yaro ba ya cikin rajistar wata makaranta, ba shi da takardar shaida, ko da ya haddace littattafan duniya. Kafin su karɓi Nusaiba a makaranta kuma sai sun gwada ta, su ga ajin da ya dace da ita. Raina ya ɓaci. Wato wahalar da na sha ta shekara biyu, a wurinsu yarinyar zaman banza take yi?

Muka je. Wata malama mai tabarau ta shiga da Nusaiba wani ɗaki, ni ina kan benci tare da iyaye ina tsara abin da zan faɗa in suka kuskura suka raina min 'ya. Da suka fito, malamar ta miƙo min takardar lissafi tana murmushi. Na duba sama: sifiri ƙato da jan biro, da ɗan ɗigo a gefensa.

Na miƙe. Da guntun Larabcina, inda ya ƙare in cike da Hausa, na fara. Na ce zalunci ne. Na ce don mu baƙi ne, don kuma ba a makarantarsu ta yi karatu ba. Na ce 'yar da na koyar da hannuna ta fi yaransu da ke haddar abin da ba su gane ba. Har takardar na ɗaga sama don iyayen da ke wurin su shaida. Wani dattijo ya gyara tabarau ya leƙa, ya ce, "Masha Allah!" Na harare shi.

Nusaiba tana ta jan hijabina. "Umma. Umma, hamsin ne."

"Yi min shiru!"

"Wallahi Umma hamsin ne. Biyar ɗinsu ce zagaye, ɗigon shi ne sifiri. Duka na ci."

(Na san wannan fa. Ina ganin lambobin a jikin motoci da shaguna kullum. Amma na fito daga gida da faɗana a shirye, idona abin da yake nema kawai ya gani.)

Wata mata ta tuntsire da dariya. Malamar ta dafa kafaɗata ta ce, "Ma'alish ya madam," wato ba komai. Sai ta tambaya, cikin ladabi, wa ya koya wa yarinyar lissafi da lambobin Larabci, tunda ga alama ba ni ba ce.

Nusaiba ta ce, "Hiba ce. In na je gidansu tare muke yin aikin da aka ba su a makaranta."

Da ƙasa ta tsage na shige a lokacin, da na gode mata.

Yanzu Nusaiba tana aji huɗu a makarantar gwamnati. Har gobe ina jin haushin dokar da ba ta ɗauki wahalar uwa a bakin komai ba, kuma ajinsu a cushe yake kamar yadda na faɗa. Amma na koyi abu ɗaya: in za ki yi wa hukuma faɗa a gaban jama'a, ki fara ba 'yar shekara tara takardar ta karanta miki.