Ƙofar da Ke Buɗe Kanta

Jama'a, ku taya ni jaje. Ranar Alhamis, ina da shekara saba'in da tara a duniya, na gano cewa akwai hukumar da ke karanta wasiƙuna.

A shekarar 1954, ba 1955 ba kamar yadda maƙwabcina Abdulghani yake yaɗawa a unguwarmu ta Madain Fahd, nan ba nisa da Makka, mahaifina ya yada zango a Alƙahira a hanyarsa ta Makka. Can aka sa shi a wani fim na binciken kisan kai. A matsayin mai gadi ya fito: ya buɗe wa ɗan sanda ƙofa, ya rusuna, shi ke nan. Daƙiƙa arba'in da ɗaya. Da aka rushe gidanmu na tsohuwar unguwarmu Karantina, hotunansa da kaset ɗin fim ɗin suka salwanta, ban sake ganin fuskarsa ba.

Ni kuwa, da bokon nan nawa, na nazarci irin waɗannan finafinai sittin da uku. Mutum baƙar fata a cikinsu ko mai gadi ne ko mai kawo shayi. Ba ya kisa, ba a kashe shi, ko darajar a zarge shi bai samu ba. Da na ji an kafa kwamitin gyara tsofaffin finafinai, sai na aika wa Mai Girma Shugaban Kwamiti, Allah ya ƙara masa kujera, wasiƙu tara, ina bayyana cewa wannan ƙasƙanci ne, na kafa hujja da fim ɗin mahaifina. Abdulghani ya ce in huta, takardarsa shekara uku tana kan tebur ba wanda ya ɗaga ta.

Sai ga gayyata daga kwamitin zuwa kallon fim ɗin da suka gyara. Na tafi da Abdulghani don ya ga tsohona. An shimfiɗa dardumar da za ta rufe rabin unguwarmu, Mai Girma ya yi minti hamsin yana jawabi kan mutunta kowane jinsi, har ya ambaci sunana aka tafa. Ban ɓoye muku ba, na miƙe na ɗaga hannu.

Aka kashe fitila. Ɗan sanda ya iso bakin gidan, na dafa gwiwar Abdulghani. Ƙofa ta buɗe da kanta. Sun goge mahaifina da na'ura, tsaf, ko inuwarsa ba su bari ba.

Na tari wani ma'aikaci a waje. Ya sumbaci goshina, ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, "Ya Ammi, ai kai ka nema. Halas, magana ta ƙare, mun cire muku ƙasƙancin." Na tambayi asalin faifan, ya ce yana ɗakin ajiya, in rubuto a hukumance.

Jiya na aika wasiƙa ta goma, shafi huɗu, ina rusa hujjojina ɗaya bayan ɗaya, ina roƙon a maido mai gadi bakin aikinsa. Abdulghani ya ce in kwantar da hankalina: ita wannan za a bi da ita yadda aka saba.