Kaftanin Mutumin Cikin Da'ira

Ana saura wata guda Sallah na je baje kolin zane-zane a Birmingham, na tsaya gaban aikin wani tsohon gwani ɗan Italiya: mutum ya ware hannuwa cikin da'ira. Bayanin ya ce da tsayin mutum kaɗai ana fitar da awon duk gaɓoɓinsa. Na gyaɗa kai irin na masu PhD.

Da telana na Kano ya nemi sabon awo don kaftanin Sallah, ko tef ban taɓa ba. Na yi lissafi na tura masa.

Matata ta ce, "Baban Amira, shi mutumin hoton yana cin tuwo kuwa?"

Na ce mata kimiyya ba ruwanta da tuwo.

Ranar Idi a unguwarmu ta Sparkbrook, da kyar na cusa tumbina cikin kaftanin, na kuma nemi sahun gaba don a ga shadda. Ina yin ruku'u ɗinkin ya ɓarke daga hammata har ƙugu.

Labarin hoton da lissafina bai kwana ba ya zaga unguwa. Har yau in abokaina suka hango ni a titin Stratford Road, kafin sallama sai sun tsaya cik sun ware hannuwa.