Yadda Za Ka Wasa Wuƙar da Matarka Ta Ce Kada a Taɓa

Ka sayi ƙaramin injin wasa wuƙa, irin mai bel ɗin samfefa da ke juyawa, amma har yau ba wanda ya yaba maka a gida? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na ba ka tabbaci, kafin rana ta faɗi matarka za ta san ka sayi inji, kuma ba za ta taɓa mantawa ba.

1. Kafa injin inda za a gan ka

Kada ka kai shi lungu. Ɗora shi a kan teburin cin abinci, ka zare cajar kowa daga soket, ka sa tabarau. Takardar bayanin da ta zo cikin kwali an yi ta ne don waɗanda ba su yarda da kansu ba. Shimfiɗa ta ƙarƙashin injin don kada tebur ya karce.

2. Fara da wuƙaƙen da ba su da gata

Wuƙar yanka albasa, ta feraye dankali, almakashin ɗinki. Wuƙar burodi tana da haƙora, ka share mata su ta huta. Duk wadda ka gama, ka gwada ta a gashin hannunka. In na hannu ya ƙare, akwai na ƙwauri.

3. Gano wadda aka hana

Tana can ƙarshen durowar kicin. Ƙotarta ta yi baƙi, an ɗaure ta da waya, bakinta ya lotsa a tsakiya. Ta surukarka ce, marigayiya. Da aka raba kayanta, 'yan'uwa sun kwashi firiji da akwatuna, matarka wannan kaɗai ta ɗauka, kuma da ita take girki kullum.

Za ta gan ka kana kallonta, ta ce, “Baban yara, ka yi yadda ka so da sauran, amma ban da wannan. Ta Inna ce.”

Ka ce, “To.” Masana sun tabbatar cewa “to” ba alkawari ba ne, fitar da numfashi ne kawai.

4. Jira ta fita

Za ta je duba maƙwabciya. Ka tuna don ita kake yi. Mace ba ta sanin tana wahala sai mijinta ya sayi inji.

5. Gyara lotsawar nan

Kunna, ka danna wuƙar a jikin bel da ƙarfinka. Tartsatsi zai tashi, alamar aiki ke nan. In bakin ya koma shuɗi, ƙarfen ne ya ƙone, amma kai ka ɗauke shi a matsayin ado.

Ɗaga ta ka duba. Gefe ɗaya ya fi ɗaya ciwuwa, sai ka daidaita. Yanzu ɗayan ne ya fi, shi ma ka daidaita. Tsinin zai ɓace a hanya, ka yi mata sabo. Ci gaba da yin adalci tsakanin gefe biyun har bakin ya miƙe sak, wuƙar ta koma siririya kamar tsinken sakace. Aski kam za ta yi.

6. Miƙa mata da fara'a

In ta dawo, ka riƙo ta da hannu biyu. Za ta karɓa, ta juya ta, ta ɗora babban yatsa a tsakiya.

“Ina lotsawar?”

“Na gyara miki.”

“A nan Inna take goga ta a bakin dakali kafin ta ɗora tukunya. Tun ina goye take yi. Hannunta ne ya cinye wurin nan.”

A nan ka tanadi bayani a kan kaifi da nau'in ƙarfe. Haɗiye shi. Ba za ta yi faɗa ba, kuma za ka so a ce ta yi. Kunya za ta kama ka. Haka yake faruwa, ba matsalar inji ba ce.

7. Kada ka share teburin

Za ta ga baƙin gari a gindin injin, ta tambaye ka mene ne. Faɗi gaskiya: ƙarfen da ya fita ne. Za ta tattara shi da gefen hannu, a hankali, ta zuba a tafinta, ta shige ɗaki. Kada ka bi ta. Mayar wa kowa cajarsa.

Gargaɗi

Mai wannan bayani ba ruwansa da shirun da zai biyo baya, ko abincin da za a riƙa ajiye maka ba ko kallo. Kuma kada ka wahalar da kanka da komawa shago. Suna da bel mai kaushi, da mai laushi, da matsakaici, duk cin ƙarfe suke yi. Ba su da wanda yake mayar da shi.